A gyara tsohon kafireto ko a sayi sabo? Amsoshin tambayoyinku

Tambayoyin wannan makon duk a kan tsofaffin babura suke, kuma duk a kan abu ɗaya suka tsaya: me ya kamata mutum ya kashe kuɗinsa a kai idan kafireto ya fara ba shi wahala. Na taƙaita wasiƙun don a samu wuri.

Tambaya: Malam, ina da Honda CB125 ƙirar 1973. Ba ya silo sai na bar cok a jaye, da na mayar da shi sai ya mutu. Bakanike ya ce kafireton ya tsufa, in sayi sabo irin na kwaikwayon nan masu araha. In saya?

Amsa: Ɗan'uwa, riƙe kuɗinka tukuna. Alamar da ka faɗa ba ta tsufa ba ce, ta toshewa ce. Cok rage iska yake yi don mai ya rinjaya, to idan injin bai tsayawa sai da shi, hanyar man silo ce ta ƙi. Ramin ƙaramin jet ɗin silo, wato ɗan sukurun tagulla mai rami da mai ke bi ta cikinsa, a irin wannan babur bai kai rabin milimita ba. Fetur ɗin da ya kwana watanni a kwanon kafireto yana bushewa ya bar ƙanzo kamar danƙo, kuma wannan ramin shi yake fara toshewa. Ka kwance jet ɗin ka ɗaga shi ga haske. In ba ka ga zagayayyen rami tas ba, ka gano ciwon. Ka jiƙa shi da maganin wanke kafireto, ka hura masa iska, haka ma hanyoyin da ke cikin gangar jikin kafireton, domin jet mai tsabta a kan hanya toshasshiya bai amfana komai ba. Kada a tsokale shi da allurar ɗinki ko wayar ƙarfe. Tagulla ce mai laushi, da ramin ya faɗaɗa shi ke nan, sai shan mai da baƙin fulogi. In ya zama dole, sili ɗaya na wayar lantarki ta jan ƙarfe ya isa.

Akwai abu na biyu mai kawo irin wannan alama, wato iska tana satar hanya ta mahaɗar kafireto da injin. Roba ko gasket mai shekara hamsin ba abin yarda ba ne. Ka tayar da babur, ka fesa ɗan maganin wanki a wurin, nesa da salansa. In ƙarar injin ta canza, akwai yoyo. Wata shaidar ita ce ka saki totur injin ya daɗe yana ihu kafin ya sauko.

Game da na kwaikwayon, araha ba ta ado. Kafireton da ke jikin babur ɗinka na kamfanin Keihin ne, kuma jet ɗinsa da allurarsa da yankan ƙaramin fistin ɗinsa (wanda totur ke ɗagawa don buɗe wa iska hanya) duk don wannan injin aka auna su. Na kwaikwayo yana zuwa da awon da aka yi don ya shiga babura iri-iri, lambar da aka buga a jet ɗinsa ma ba kullum take daidai da ramin ba. Wani yakan dace, ba na musu. Amma idan bai dace ba, ba ka da littafin da za ka duba, domin babu wanda ya rubuta awonsa.

Abin da za ka saya ƙalilan ne: gasket ɗin kwano, ƙananan zobban roba, allurar da ke tsayar da mai idan kwano ya cika, ƙaramar matatar mai ta kan tiyo, da sukundireba ta JIS, wato mai bin ma'aunin Japan. Wannan ta ƙarshe mutane na raina ta. Sukurorin baburan Japan sun yi kama da na Phillips amma yankansu daban ne, sau da yawa za ka ga ɗigo a kansu, kuma sukundireba ta gama-gari cinye musu kai take yi. Idan ka sayi cikakken ƙunshin gyara, ka ɗauki roba da gasket kawai, ka mayar da jet da allura na asali bayan ka wanke su.

Bayan an haɗa, ka bar injin ya yi zafi kafin ka taɓa sukurun da ke daidaita gaurayen iska da mai na silo. Ka murɗa shi ciki a hankali har ya taɓa, ba da ƙarfi ba, ka dawo da shi zagaye ɗaya da rabi, daga nan ka lalubi inda injin ya fi sakin murya. Yawanci sukurun da ke ɓangaren matatar iska, iska yake sarrafawa, fito da shi yana rage rinjayen mai. Wanda ke ɓangaren injin kuwa mai yake sarrafawa, fito da shi yana ƙara mai.

Tambaya: Mahaifina ya bar mini Triumph Bonneville ƙirar 1969, ina so in tayar da shi. An wanke kafiretocin sau da yawa amma silo bai zama wuri ɗaya, yau sama gobe ƙasa. An ba ni zaɓi uku: a gyara na asali, a sayi sababbin kafiretocin Amal, ko a sa na Mikuni.

Amsa: Allah ya jiƙan Baba, 'yar'uwa. Taki ta bambanta da ta sama, domin a nan tsufa na iya zama gaskiya. Amal Concentric, wanda ya fito a 1967, an zuba gangar jikinsa da ƙaramin fistin ɗinsa da gamin tutiya iri ɗaya, suna goga juna suna cin juna. Da sun yi sako-sako iska sai ta riƙa wucewa ta gefe, kuma babu sukurun da zai gyara wannan. Ki sa a cire matatar iska a taɓa fistin ɗin da yatsa. In yana kaɗawa yana ƙwas-ƙwas, ya ci. A kuma duba fuskar da ake ɗaure shi da injin, domin masu ɗaure notin da ƙarfi suna lanƙwasa gangar, fistin ya riƙa maƙalewa. Wannan haɗari ne, totur na iya tsayawa a buɗe.

Kafin a yanke masa hukunci a tabbatar an buɗe jet ɗin silo. A yawancin waɗannan kafiretoci dasa shi aka yi a cikin gangar, ba ya kwancewa, don haka masu wanki da yawa ba sa kaiwa gare shi. Ta ramin sukurun iska ake isa wurinsa.

In dai ya ci, ni sababbin Amal zan saya. Har yanzu kamfanin Burlen a Ingila yana ƙera su, kuma samfurin Premier yana da jet ɗin silo mai kwancewa da fistin mai taurin fata. Wayar totur da matatar iska na asali za su shiga ba tare da dabara ba. Sa wa tsohon hannun riga a ciki yana aiki, amma sai an sami mai injin gurza ƙarfe da ya ƙware. Mikuni VM kafireto ne nagari, sai dai zai ja ki sayen wayoyi da mahaɗa da tarin jet, kuma babur ɗin ya tashi daga kamanninsa. Ko me kika zaɓa, ki adana tsofaffin a kwali, ranar sayarwa za a tambaye su.

Tambaya: Yallaɓai, na cire akwatin iska na Yamaha RD350 na sa ƙananan matatu a bakin kafireto, na kuma canza salansa. Yanzu yana shaƙewa a tsakiyar totur. Wace lambar jet zan saya?

Amsa: Ƙanena, duk wanda ya ba ka lamba ɗaya daga nesa kintace ya yi. Kuma ka ajiye babur ɗin har ka gyara, domin RD350 injin ne mai bugu biyu. Ka buɗe masa iska ba ka ƙara masa mai ba, zafi zai hau, ƙarshenta fistin ɗin injin ya kama ko ya huje. Injin mai bugu huɗu yakan yi ta tari yana gargaɗi, wannan kuwa yakan fi daɗin gudu dab da ya lalace.

Ka fara sanin wa ke aiki a ina. Daga silo zuwa kwatan totur, jet ɗin silo ne da yankan ƙaramin fistin ɗin kafireto. Daga kwata zuwa kashi uku cikin huɗu, doguwar allura ce da bututun da take shiga. Daga nan zuwa ƙarshe, babban jet. Ka manna tef a hannun totur ka yi masa alamu, don ka san ainihin inda shaƙewar take. Tunda a tsakiya ka ce, allura ce abin zargi, kuma gyara ta ba ya cin ko sisi. Tana da gurabe biyar a samanta. Ka sauko da ɗan maƙalin gurbi ɗaya, allura ta ɗaga, mai ya ƙaru. Amma babban jet ma sai ya ƙaru, kuma shi ake fara daidaitawa. Ka sayi biyu-biyu na lambobi uku ko huɗu a jere sama da na asali, ka fara da mafi girma, ka riƙa saukowa har burburwar ta ɗauke, ka tsaya nan. Abu ɗaya ake canzawa a kowane gwaji, a rubuta.

Ka kula wajen saye. Lambar jet ɗin Mikuni mai kusurwa shida tana nuna yawan man da ke wucewa ne, ta Keihin kuwa faɗin ramin take nunawa, saboda haka 140 na wannan ba 140 na wancan ba ne. Ka sayi na Mikuni na gaske mai tambari.

A lissafi, kilo 14.7 na iska ke ƙone kilo 1 na fetur ƙurmus, amma injin ya fi ba da ƙarfi a wajen 12.5 zuwa 13, kuma rarar man tana sanyaya shi. Iska tana raguwa da kusan kashi 3 cikin 100 a kowace mita 300 ta hawa, ta kuma yi nauyi a lokacin sanyi. Awon da ya zauna daidai da tsakar rana mai zafi zai iya gazawa da sanyin asuba, shi ya sa ake barin mai ya ɗan rinjaya. Fulogi zai taimaka maka: ruwan ƙasa lafiya, baƙin toka mai ya yi yawa, fari fat ka tsaya. Sai dai a karanta shi bayan an kashe injin a tsakiyar gudu, ba bayan ya gama silo ba.

In ka tambayi ra'ayina, ka mayar da akwatin iskar, ka bar salansar da ka sa. Rabin wahalarka za ta tafi.

Tambaya: Ina da Honda CB750 mai kafireto huɗu. Ya dace in sayi agogon daidaita su, ko kunne ya isa?

Amsa: Alhaji, a silinda huɗu kunne bai isa ba. Ka saya, musamman in kai kake kula da babur ɗinka, domin duk lokacin da aka kwance kafiretocin sai an sake daidaitawa. Irin mai sandunan ƙarfe a bututu, kamar Morgan Carbtune, ya fi sauƙin karantawa. Masu agogo huɗu suna rawa, kuma masu arahar ba sa yarda da juna, don haka ka jona su ɗaya bayan ɗaya a silinda guda ka ga ko za su nuna abu ɗaya. Mai silinda biyu kuwa farin tiyo da ɗan mai a ciki ya ishe shi.

Amma agogon zuƙar injin yake aunawa, kuma bawul da ya matse ko taimin da ya goce suna canza zuƙar. Ka fara da gibin bawul, da kwantak da taimin, da matatar iska, da tsayin mai a kwanukan huɗu, kafireto ya zo ƙarshe. Ka ajiye fanka a gaban injin lokacin aikin, tunda iska ce ke sanyaya shi.

Tambaya: Maganin da ake zubawa a tanki yana wanke kafireto kuwa? Nawa yana obafulo, wato mai na malala daga kwano, bayan dogon ajiya.

Amsa: Yana rage datti a hanyar da mai ke bi, amma ba ya buɗe wadda ta riga ta toshe, kuma ba shi ne maganin obafulo ba. Ka buɗe kwanon. Ko dai tsatsar tanki ta tokare allurar tsayar da mai, ko bakinta ya yi zobe, ko kuma abin da ke yawo a kan man ya huje. In na tagulla ne, ka girgiza shi kusa da kunne, in ka ji mai a ciki ka sayi wani. Allura mai bakin robar Viton ta fi jure fetur mai gaurayen etanol, wanda ke jan ruwa yana kuma cin tsohuwar roba. Kafin ka tayar, ka shinshina man injin, domin fetur ɗin da ya malala yana iya gangarawa can, in haka ne a juye shi. Nan gaba in za ka ajiye babur fiye da wata guda, ka rufe famfon mai, ka kwance sukurun ƙasan kwano man ya tsiyaye.