Shin haruffan Sinanci duk hotuna ne?

Tambaya: Assalamu alaikum Malam. Na ji ana cewa Sinawa ba su da baƙaƙe irin na boko ko ajami, wai kowane harafinsu hoton abin da ake nufi ne. Da gaske ne? Kuma ina asalin rubutun nasu?

Amsa: Wa alaikumus salam. Akwai ƙamshin gaskiya a maganar, amma ba ta cika ba, kuma ita ce ke hana masu koyo da yawa gane yadda rubutun yake aiki.

Rubutun Sinanci mafi tsufa da masana ke iya karantawa an tono shi ne a Anyang da ke lardin Henan, mazaunin sarakunan daular Shang na ƙarshe, kimanin shekara 1200 kafin haihuwar Annabi Isa (AS). 'Yan duban fada kan ɗauki ƙashin kafaɗar sa ko ƙoƙon kunkuru, su yi masa 'yan ramuka, su ɗora abu mai zafi har ya tsage. Daga tsagin ake karanta amsa, sannan a karta tambayar a jikin ƙashin: za a yi ruwa? Amfanin gona zai yi kyau? Matar sarki namiji za ta haifa? Har ciwon haƙorin sarki an tambaya. Abin takaici, an daɗe manoma na tono ƙasusuwan suna sayar wa masu magani ana dakawa, kafin wani malami mai suna Wang Yirong ya gane a 1899 cewa rubutu ne.

A kan waɗannan ƙasusuwa lallai akwai hotuna. Rana, wato 日, da'ira ce da ɗigo a tsakiya. Tsauni, 山, kawuna uku ne a tsaye. 木 bishiya ce da rassa da saiwoyi, in aka jingina mutum a gefenta sai a sami 休, hutawa.

To amma yaya za a zana "zo"? Nan hoto ya gaza. Sai suka ari harafin alkama, 來, don lafazinsa ya yi kama da na kalmar zuwa, har ma'anar aro ta kori ta asali. Daga wannan dabara babbar hanyar ta fito: a haɗa ɓangare biyu, ɗaya ya nuna fannin ma'ana, ɗaya ya nuna lafazi. Dubi 妈, uwa. A hagu alamar mace ce, a dama doki. Babu ruwan uwa da doki. Ana kiran doki "ma", uwa ma "ma", karin sauti ne kawai ya raba su. Haka 青 da ake karantawa "cing": da alamar ruwa ya zama 清, garai-garai, da ta rana 晴, gari ya washe, da ta magana 请, roƙo ko gayyata. Fiye da kashi 80 cikin 100 na haruffan haka aka gina su. Sai dai lafazi ya sauya cikin dubban shekaru, don haka ɓangaren sautin yau manuniya ce kawai, wani lokacin ma ya kai ka daji.

Shi ya sa ba na son littattafan da ke ƙirƙira wa kowane harafi tatsuniya. Sukan taimaka wajen hadda, amma ba tarihi ba ne. Su kansu Sinawa sun daɗe da tantance wannan: wajen shekara ta 100 Miladiyya wani malami mai suna Xu Shen ya tsara ƙamus mai haruffa 9,353 ƙarƙashin tushe 540, wato ɓangarorin da ke nuna fannin ma'ana, ya bayyana yadda aka gina kowanne.

Siffar haruffan kuwa ta sha gyara. Bayan sarkin masarautar Qin ya haɗe ƙasar Sin a shekara ta 221 kafin Miladiyya, an daidaita rubutun ya zama iri ɗaya. A 1956 gwamnatin Sin ta fara rage layukan haruffa da dama, 馬 ya koma 马, alhali Taiwan da Hong Kong na nan kan tsohon salo. In karatun jarida kake so, haruffa kusan 3,000 za su kai ka.