Amsa: Hayaƙin murhun narka ƙarfe zai iya zama makamashi?

Malam, ka ce kana narka alminiyam kana zuba tukwane a Gombe, ka ji manyan kamfanonin ƙarfe na tara hayaƙin tanderunsu su sake ƙona shi, kana tambaya ko kai ma zai yiwu.

Gaskiya suna yi, amma ba kowane hayaƙi ke kama wuta ba. Iskar babban tanderun narka tama tana da kabon monoksaid wajen kashi 20 zuwa 25 cikin 100, shi ne mai ci, sauran yawanci naitirojin ne da kabon dayoksaid, shi ya sa ƙarfinta bai ko kusa da gas ɗin girki ba. Kuma ƙura gare ta sosai, sai an bi da ita ta wani ƙaton tanki, ƙura mai nauyi ta zube, a wanke da feshin ruwa ko a tace, sannan a ƙona ta a dumama iskar da ake hura wa tanderun.

Naka na gawayi akasari ya riga ya ƙone, zafi ne ke tafiya a banza, shi za ka kama. Ka bi da bututun iskarka ta gefen mafitar hayaƙin ta shiga da zafinta, ka riƙa shanya gwangwanayenka a wurin ma, don jiƙaƙƙen gwangwani in ya faɗa narkakken alminiyam fashewa yake.

Don Allah kar ka tara hayaƙin a durom ko cikin shago, monoksaid ba ya wari, kan mutum kawai zai fara sarawa ya faɗi. Kafin ka kira mai walda ka kai zanen jami'ar ATBU da ke Bauchi injiniyoyi su duba maka.