Amsa kan ƙungiyar Eraserheads ta Filifin

Ɗan'uwa, ka tambaya su wane ne Eraserheads ɗin da abokan aikinka 'yan Filifin ke yawan saurara, kuma ko har yanzu suna tare. Ni ma a bakin wani ɗan ƙasar na fara jin su. Yana gyaran injin sanyaya ɗaki yana rera waƙarsu a hankali, idonsa a lumshe.

Su huɗu ne: Ely Buendia mai jan baƙi, Marcus Adoro a jita, Buddy Zabala a jitar bes, sai Raimund Marasigan a ganga. Sun haɗu a 1989 suna ɗalibai a Jami'ar Filifin da ke Diliman. Faifansu na farko ya fito a 1993, amma a ganina Cutterpillow na 1995 shi ne ƙololuwa. A cikinsa ne waƙar "Ang Huling El Bimbo" take, wadda bidiyonta ya ci kyautar tashar talabijin ta waƙoƙi, MTV, a 1997. Da Tagalog suke waƙa, jefi-jefi da Turanci, kan soyayya da rayuwar matasa. Ko ba ka jin yaren, karin zai zauna maka a kai.

Ely ya fice a 2002, ba da daɗewa ba ƙungiyar ta watse. Sun sake haɗuwa a 2008, sai aka katse wasan a tsakiya aka garzaya da Ely asibiti, suka cike wasan a 2009. Sun kuma hau dandali tare a Disambar 2022.

Ka fara da Cutterpillow, sannan ka koma kan Circus na 1994.