Tambaya da Amsa: Shin Lambobin Firam Suna da Tsari?

Tambaya: Assalamu alaikum Malam. Na lura lambobin firam, wato waɗanda ba sa rabuwa daidai sai da 1 da kansu, suna ƙarewa da 1, 3, 7 ko 9. Akwai ƙa'idar da za ta nuna mini ta gaba, ko kara-zube suke zuwa? Daga wani ɗalibin sakandare a Daura.

Amsa: Wa alaikumus salam ɗana, madalla da wannan lura. In ka cire 2 da 5, maganarka haka take. Akwai ma wata: duk firam da ta wuce 3 maƙwabciyar ninkin 6 ce, kamar 29 da 31 a gefen 30. Sai dai wannan yana nuna inda firam za ta iya zama ne kawai. Ga 91: ta ƙare da 1, tana jikin 90, amma 7 sau 13 ce. Ita da 51 da 57 suna yawan kayar da ɗalibai a jarrabawa.

Hanyar da ba ta kuskure ita ce tankaɗen Eratosthenes, wani masanin Girka na zamanin da. Rubuta 2 zuwa 100, ka soke ninkin 2 amma ka bar ita 2 ɗin, ka yi wa 3 da 5 da 7 haka. Tsaya nan, domin firam ta gaba 11 ce, kuma 11 sau 11 ya haura 100. Guda 25 za su rage a rariya. Kada ka sa 1, ba firam ba ce.

Ta kusa kam, ba sa jin magana. 107 da 109 suna dab da juna, amma daga 113 babu wata sai 127. Masanin lissafi Euler ya samo ƙa'idar n² + n + 41, wadda ke ba da firam tun daga n = 0 har 39, a 40 kuma ta fitar da 1681, wato 41 sau 41.

Ta nesa ne tsarin ke bayyana, kuma ni nan ne abin ya fi burge ni. Ƙasa da 1,000 akwai firam 168, ƙasa da 10,000 akwai 1,229, ƙasa da miliyan ɗaya akwai 78,498. Suna ta yin ƙaranci bisa ma'aunin da masanin lissafi Gauss ya hango, aka tabbatar a 1896: a kewayen miliyan ɗaya, kusan lamba ɗaya cikin 14 ce firam. Kamar manomin Daura ne, ya san ruwa ya fi yawa a Agusta, amma bai san ko za a yi ranar Talata ba.

Har yau ba a tabbatar ko tagwaye, wato firam biyu da tazararsu 2 ce, irin 11 da 13, suna da iyaka ba. Ka tankaɗe 1 zuwa 200 ka ƙirga mana tagwayen da ka samu.