Amsa ga Daktan da aka ƙi ƙirga masa maƙalun LIGO

Assalamu alaikum. Dakta, ka tambaya yadda za ka yi da kwamitin ƙarin girma da ya ce maƙalunka na LIGO, wato haɗakar masana masu amfani da manyan na'urori wajen gano igiyoyin girabiti (girgizar sararin samaniya da karon manyan abubuwa a can ke haifarwa), ba su nuna aikinka ba, saboda sunanka yana tsakiyar marubuta fiye da dubu, alhali shafinka na Google Scholar yana nuna an kafa hujja da su sau dubbai. Da na karanta sai raina ya sosu, domin wannan ƙaya ita ce ta soke ni a shekarun baya, kuma har yanzu wurin bai gama warkewa ba.

Ni ma a wannan fage na yi digirina na uku a Turai, kuma aikina shi ne bin diddigin hayaniyar da ke shiga na'ura, wato girgizar ƙasa da wucewar manyan motoci da ƙugin wutar lantarki, don kada a ɗauki ɗayansu a matsayin saƙo daga sama. Da na dawo gida na zo neman matsayin babban lakcara, sai na kai takarduna wani shagon buga takardu a Samaru. Yaron shagon ya ga shafuka suna ta fitowa babu komai sai sunaye da ƙananan haruffa, ya tambaye ni ko sakamakon jarrabawa ne nake bugawa. Na yi dariya a ranar, ban san mai tantancewar da za a aika wa daga waje zai yi mini fassarar da ta fi ta yaron muni ba. Wannan bawan Allah, wanda farfesa ne kuma ya girme ni nesa ba kusa ba, ya ɗauki makin kowace maƙala ya raba shi da adadin marubutanta, abin da ya rage mini bai kai a rubuta ba. Sannan ya ba da cikakken maki ga wata 'yar maƙala da na rubuta ni kaɗai a mujallar da ko ɗalibaina ba sa buɗewa. Abin da ya fi ci mini rai shi ne jan biron da ya ja a gefen takarda, yana nuni da cewa na raɓu da inuwar Turawa ne kawai. Dararen da na yi ina gadin allon kwamfuta cikin sanyin da ke fasa leɓe, mutum ya shafe su da layi ɗaya, bai ko nemi a tambaye ni abin da na yi ba. Na yafe masa, amma mantuwa ta ƙi zuwa.

Da a ce ya bincika, da ya ga cewa maƙalar farko da ta fito a mujallar Physical Review Letters ranar 11 ga Fabrairu 2016, wadda ta ba da labarin haɗewar baƙaƙen ramuka biyu na sararin samaniya da na'urorin LIGO da ke Hanford da Livingston a Amurka suka ji ranar 14 ga Satumba 2015, an jera marubutanta ne bisa tsarin haruffa. Shi ya sa duniya take kiran ta da sunan Abbott, wanda ya zo farko a jerin, su kuwa Rainer Weiss da Kip Thorne, waɗanda suka karɓi kyautar Nobel tare da Barry Barish a 2017, suna can ƙasa wajen ƙarshen jerin. Da ma'aunin farfesan nan aka auna su, da sun tashi a tutar babu. Kai, rubutun da Weiss ya yi a 1972, inda ya fayyace tsarin na'urar da irin hayaniyar da za ta dame ta, a rahoton cikin gida na jami'ar MIT ta Amurka ya fito, ba a babbar mujalla ba.

To amma, Dakta, zan gaya maka abin da ba za ka so ji ba: kada ka jingina da dubban ambaton nan. Duk mamban ƙungiyar da ya cika sharuɗɗa sunansa yana hawa manyan maƙalun, saboda haka ma'aunin h mai auna yawan maƙalun mutum da yawan ambatonsu, wanda Jorge Hirsch ya ƙirƙiro a 2005, yana kumbura ga mai ƙoƙari da wanda bai kai shi ba. Shakkun kwamitin yana da tushe, hukuncin ne ya zama zalunci. Ka raba jerinka gida biyu, na babbar ƙungiya daban, na marubuta kaɗan daban. A INSPIRE, shafin da ke tattara maƙalun fiziks, akwai wurin da za ka zaɓi maƙalu masu marubuta goma ko ƙasa da haka, ka kuma cire ambaton da marubuci ya yi wa aikin kansa, shi ma ADS, irin wannan shafin na ilimin taurari, yana fitar da lissafin da aka daidaita da yawan marubuta. Ka buga waɗannan da hannunka kafin wani ya yi maka nasa lissafin. Ka nemi shugaban rukunin da ka yi aiki a ƙarƙashinsa ya rubuto wasiƙa mai ɗauke da sunan manhajar da ka rubuta, da sashen da ka tsara, da duk wani jawabi da ka gabatar a madadin ƙungiya. Kada ka ji nauyin tambaya, sun saba da irin wannan buƙata.

Kuma don Allah kada takaici ya tura ka ga mujallun nan na biya-a-buga, waɗanda ke karɓar maƙala cikin mako guda. Na ga abokai da suka bi hanyar, yau suna kunyar a buɗe jerinsu a gaban baƙo. Bayanan LIGO da takwararta Virgo da ke Italiya a buɗe suke kyauta a shafin intanet na GWOSC, har da na karon taurarin niyutiron na 17 ga Agusta 2017, kuma ɗalibin digiri na biyu mai kwamfutar cinya da Python zai iya yin aiki a kansu a nan Zariya, in dai wuta ta bar shi. Maƙala ɗaya da kai da ɗalibinka a mujalla mai mutunci za ta toshe bakuna da yawa a kwamiti.

Ka turo mini jerin naka ta akwatin sirri in taya ka tsarawa, kuma ka haɗo da ƙa'idar ƙarin girman da aka yi maka hukunci da ita, domin ina so in ga ko ta ambaci raba maki ko kuwa mai tantancewar ne ya ƙago abinsa.