Tambaya da Amsa: Jinin da na zubar bayan na haihu a gida, da gaske dattin ciki ne?

Tambaya:

Assalamu alaikum, Anti ungozoma. Ni matar aure ce a Aboabo, nan Kumasi, ina ɗauke da ciki na biyar, yana cikin wata na bakwai. 'Ya'yana huɗu duk a ɗaki na haife su, a hannun wata tsohuwa da ke karɓar haihuwa a unguwarmu, kuma ukun farko lafiya lau na sauka. A na huɗun ne, bayan mabiyiya ta faɗo, jini ya yi ta zuba har ya jiƙa zannuwa, na riƙa ganin duhu-duhu, ban san inda kaina yake ba sai da aka yayyafa mini ruwa. Surukata Hajiya ta ce dattin ciki ne, gara da ya fita, da ya zauna da ya zame mini ciwo. Yanzu a wurin awo an ce jinina 9 ne, an kuma ce lallai in haihu a asibiti, amma Hajiya ta ce ba ta ga dalili ba, ni kuma ina tsoron tsawar ma'aikata da kuɗin da za a ce mu kawo. Tun da aka faɗa mini haka barci ya gagare ni. Shin jinin nan datti ne, kuma zan iya sake haihuwa a gida?

Amsa:

Wa alaikumus salam, ƙanwata, Allah ya raba lafiya. Rashin barcinki yana da dalili, kuma ba zan ɓoye miki ba: wannan cikin bai kamata ki haife shi a gida ba. Abubuwa uku ne suka haɗu a kanki, kowannensu shi kaɗai ya isa a tura mace babban asibiti. Kin taɓa zubar da jini har kika suma, kuma macen da ta taɓa yin haka haɗarin maimaituwarsa a kanta ya ninka na sauran mata kusan sau uku. Wannan haihuwa ta biyar ce, mahaifar da ta sha ɗaukar ciki kuwa ba ta cika saurin tsukewa ba. Sannan jininki 9 ne, alhali ana so na mai ciki ya kai 11, wato za ki shiga naƙuda da jinin da tun farko bai cika ba.

Maganar dattin ciki kuwa, babu ranar da zan zauna a ɗakin awo ban ji ta ba, daga bakin surukai, daga bakin kakanni, har daga bakin 'yan matan da suka yi karatun boko, kuma ina ganin a Zango babu wata magana da ta fi ta jinkirta kai mai jego asibiti. Abin da ake faɗa shi ne, jinin hailar wata tara da bai zo ba yana taruwa ne a cikin mace, ya ruɓe, saboda haka dole ya fito bayan haihuwa, kuma gwargwadon yawansa gwargwadon wankewar ciki. Wannan ba gaskiya ba ne ko kaɗan. Babu wata haila da ke taruwa a jikin mai ciki, domin tun ranar da ciki ya shiga jiki ya daina yin ta. Jinin da kika gani a zannuwanki ya fito ne daga jijiyoyin da ke ciyar da mabiyiya, waɗanda idan ciki ya tsufa kusan rabin lita ko fiye na jini ke ratsa su a kowane minti. Da zarar mabiyiya ta rabu da bangon mahaifa, bakunan jijiyoyin nan a buɗe suke, kuma abin da ke fita ta cikinsu shi ne ainihin jinin da zuciyarki ke aikawa ƙwaƙwalwa da ƙoda. Shi ya sa kika ga duhu: jinin da ya kamata ya hau kanki ne yake kwance a ƙasa.

Abin da ke rufe waɗannan jijiyoyi shi ne mahaifa ta dunƙule ta yi tauri a ƙasan cibiya, ta matse su. Idan ta yi laushi ta ƙi tsukewa, jini ba zai tsaya ba, kuma wannan ne sanadin kusan bakwai cikin goma na irin zubar jinin da ya same ki. Sauran kuwa ko yagewa ce a hanyar haihuwa, ko wani ɓangaren mabiyiya ya maƙale a ciki, ko jinin ya kasa daskarewa. A cikin dalilan nan huɗu babu wanda jira ke warkarwa, babu wanda ruwan zafi ke gyarawa.

Ƙa'idar da muke aiki da ita ita ce, macen da ta zubar da mililita 500 cikin awa 24 bayan haihuwa ta shiga haɗari, idan ya kai lita ɗaya kuwa ranta ake magana. Mililita 500 cikin ledar fiya wata guda ce, wadda kike saya a bakin titi ki shanye a tsaye. Ki tuna zannuwan da kika jiƙa ki ƙiyasta leda nawa suka sha. Ido ba ya iya auna jini, ko da idon ma'aikaciyar da ta ƙware ne. A shekarar 2023 an fitar da sakamakon wani babban bincike da aka gudanar a asibitoci 80 a Najeriya, Kenya, Tanzaniya da Afirka ta Kudu, a kan mata fiye da 200,000, wanda Farfesa Hadiza Galadanci ta Jami'ar Bayero da ke Kano na cikin jagororinsa. An ga cewa inda ake ƙiyastawa da ido kusan rabin matan da jininsu ya wuce kima ne kawai ake ganewa, amma inda aka shimfiɗa leda mai ma'auni a ƙarƙashin mai haihuwa, aka kuma haɗa magunguna a ba ta a lokaci guda, mummunar zubar jini da abin da take jawowa sun ragu da kashi 60 cikin ɗari. To, idan ma'aikata a ƙarƙashin fitilar asibiti suna kuskuren rabi, yaya tsohuwa za ta yi da tsakar dare, a kan zani mai duhun launi, alhali ta riga ta yarda cewa fitar jinin alheri ne?

Abin da ya fi ɓata mini rai shi ne yadda wannan imani yake juya kowace alamar haɗari ta koma alamar lafiya. Idan gudajin jini suka faɗo, sai a yi murna a ce ga dattin nan ya fito, alhali gudaji jini ne da ya kwanta cikin mahaifar da ta saki jiki har ya daskare, kuma zamansa a ciki yana ƙara hana ta tsukewa. Idan mai jego ta fara hamma, tana neman ruwa, gumi mai sanyi yana karyo mata, sai a ce wahalar naƙuda ce. Idan ta yi shiru idonta na lumshewa, sai a ce a ƙyale ta ta huta, a ja mata ƙofa, kowa ya koma kan jariri. Wasu ma a wannan hali suke ɗora ta a kan ruwan zafi wai don ragowar ya sauko, zafin kuwa buɗe jijiyoyi yake yi, ya ƙara gudun jinin. Mace mai ƙuruciya tana iya yin magana, har ta yi dariya, alhali ta zubar da jini mai yawa, domin jikinta yana ta ƙoƙarin riƙe ta, sai ya gaza gaba ɗaya a lokaci guda. Kuma ba sai jini ya yi ambaliya ba, wanda ke tsiyaya a hankali ba ya tsayawa shi ma kisa yake yi. Zubar jini bayan haihuwa tana iya ɗauke mace cikin awa biyu, kuma ita ce kan gaba a abubuwan da ke kashe masu haihuwa a duniya, inda a shekarar 2023 Hukumar Lafiya ta Duniya ta ƙiyasta mata kusan 70,000 a kowace shekara.

Na san inda ruɗanin yake samun gindin zama. Akwai jinin biƙi na gaskiya, wanda ke zuwa ja a kwana uku ko huɗun farko, ya koma ruwan ƙasa, ya dusashe ya yi fari-fari, yana raguwa kullum har zuwa wajen arba'in. Shari'a ta ɗauke wa mai biƙi salla da azumi, kuma a mazhabar Malikiyya iyakarsa kwana sittin ne. Wannan hukunci ne na tsarki da ibada, bai ce jinin guba ba ne, bai kuma ce yawansa lafiya ba ne. Jinin da ya jiƙa ƙunzugu biyu ko uku cikin rabin awa, ko wanda yake ƙaruwa maimakon ya ragu, ko wanda ya dawo ja bayan ya dusashe tare da wari da zazzaɓi, ya fita daga sahun biƙi, ya zama ciwon da ake gudu da shi asibiti.

Ba na raina tsohuwar da ta karɓi 'ya'yanki, domin irinsu sun yi wa Zango hidima a zamanin da babu kowa, kuma da yawansu yanzu su ne ke rako mana mata. Amma hannunta babu abin tsayar da jini. A asibiti, cikin minti ɗaya da fitowar jariri ana yi wa uwa allurar oksitosin don mahaifa ta tsuke tun kafin jini ya ɓalle, idan ya ɓalle kuma akwai misofurostol, akwai tiraneksamik asid wanda amfaninsa yake cikin awa ukun farko, akwai ƙarin ruwa, ƙarin jini da ɗakin tiyata. Waɗanda ba zan yi wa uzuri ba su ne masu kemis da 'yan bi-gida da ke yi wa mace allurar naƙuda a ɗaki tun jariri yana ciki, da masu ba da jiƙe-jiƙen saurin haihuwa irin kalgutim da ake kawowa daga arewacin Gana. Duka biyun suna iya tsananta naƙuda har mahaifa ta fashe, musamman mahaifar da ta haihu sau huɗu. Ita kanta allurar a firiji ake ajiye ta, wadda ta kwana a aljihun wani cikin zafin Kumasi kuwa ba a san abin da ya rage a cikinta ba.

Tsoronki na tsawa da na kuɗi ba zan ce ƙarya ba ne. Akwai abokan aikinmu da bakinsu ke korar mata zuwa ɗaki, kuma alhakin wasu rayuka yana wuyansu. Haka nan tun shekarar 2008 gwamnatin Gana ta sa awo da haihuwa kyauta a ƙarƙashin inshorar lafiya ta ƙasa, amma har yau mace na zuwa a miƙa mata doguwar takardar kayan da za ta sayo, ko a tsayar da mijinta a kan maganar kati ya mutu alhali matarsa na murƙususu, wanda abin kunya ne gare mu. Duk da haka, binciken lafiya na ƙasa na 2022 ya nuna cewa fiye da kashi 80 cikin ɗari na haihuwa a Gana a asibiti ake yin su, saboda haka ba wani baƙon abu ake neman ki yi ba. Ki sabunta katinki tun yanzu, mai ciki ba ta biyan kuɗin shiga, ki karɓi takardar kayan ki riƙa saye kaɗan-kaɗan, kuma ranar haihuwa ki tafi da 'yar'uwa mai baki wadda za ta tsaya miki. Wadda ta wulaƙanta ki, kina da haƙƙin kai ƙararta wurin shugabar ɗakin haihuwa.

Kafin ranar, a ɗaga jinin nan. Ki sha ƙwayar ƙarin jini kullum, kada ki haɗa ta da shayi domin yana hana jiki ɗaukarta, ki karɓi maganin rigakafin zazzaɓin cizon sauro da na tsutsar ciki a wurin awo, ki kwana cikin gidan sauro, ki dage da hanta, kifi, wake, zogale da kontomire, wato ganyen gwaza. A sake aunawa a mako na 36, idan bai hau ba likita zai duba ko a ba ki ta jijiya. Ki sa a rubuta a littafin awonki, da babban rubutu, cewa kin taɓa zubar da jini har kika suma, kuma a tura ki inda ake da ma'ajiyar jini da tiyata. Daga Aboabo zuwa asibitin Manhyia ko na Komfo Anokye ba tafiya ba ce, sai dai cunkoson hanya, don haka da naƙuda ta fara ki tashi, kada ki zauna kunya sai faya ta fashe.

Idan Allah ya ƙaddara haihuwa ta riske ki a gida, a kira lambar gaggawa ta 112 ko a nemo mota nan take. A goge jariri a ɗora shi a ƙirjinki ya kama nono, ki yi fitsari, wata ta riƙa murza mararki a ƙasan cibiya har mahaifa ta yi tauri. Kada a ja cibiya, kada a tura miki muciya a maƙogwaro, kada a kusanto da ruwan zafi. A zuba mabiyiya da duk zannuwan da suka jiƙe a leda a taho da su, domin da su za mu san abin da kika zubar, kuma a taho ko da kin ji garau.

Sauran maganar ta maigida ce da Hajiya, ki ba su su karanta. Malam, matarka amana ce a hannunka, kuma izinin fita da mota da kuɗin hanya duk a wuyanka suke. Mun ji hadisin da ya ba macen da ta rasu wurin haihuwa darajar shahada, amma wannan daraja tata ce, ba ta wanke wanda ya ga jini yana zuba ya ce a jira gari ya waye. Hajiya, Allah ya ƙara girma, ku kun haihu a ɗaki kun tsira, amma kun fi kowa sanin sa'o'inku nawa aka yi wa wankan gawa kafin suna. A yi rubutu, a yi addu'a, babu mai hanawa, a kuma taho da su asibiti. Tun wannan makon maigida ya ajiye lambar direba biyu da za su ɗauki waya da dare, ya bar wa matarsa izini ko ba ya gida, ya kuma nemo 'yan'uwa biyu ko uku su je a auna jininsu su ba da gudummawa kafin wata na tara ya kama. Ke kuma, ƙanwata, ranar awonki mai zuwa ki roƙi Hajiya ta rako ki, ki ce wa ungozomar da ke duba ki ta zaunar da ita ta nuna mata littafin.