Mahaifina yana da ciwon suga, yanzu kuma an ce kansar hanji ce

Tambaya: Salam likita, dan Allah babana ne shekara 9 kenan yana fama da ciwon suga, to satin da ya wuce aka yi masa gwajin kyamara ta hanji aka ce kansar babban hanji ce mataki na 2, za a yi masa tiyata. Wata ta ce min wai masu suga basa daɗewa in wannan cutar ta kama su, wlh tun ranar na kasa bacci. Gaskiya ne?

Amsa: Wa alaikumus salam 'yar uwa, Allah ya ba Baba lafiya. Maganar da aka faɗa miki akwai ɗan ƙamshin gaskiya a ciki amma an yi mata gishiri sosai.

Abin da ya fi komai nauyi a kansar hanji shi ne matakin da aka kama ta, kuma mataki na 2 yana nufin bata yaɗu zuwa wasu sassan jiki ba, da yawa aiki kaɗai ke raba su da ita. Suga tana zuwa ne a bayan wannan. Akwai wani babban bincike da aka yi a Taiwan aka fitar a 2023, an bi mutum sama da dubu 59 da aka yi wa tiyatar wannan kansar daga mataki na 1 zuwa na 3, sai aka ga waɗanda sugarsu bata riga ta taɓa wata gaɓa ba bambancinsu da marasa suga ɗan kaɗan ne, amma waɗanda ta riga ta yi musu ɓarna, irin ƙoda, zuciya, jijiyoyi, su ne haɗarin mutuwarsu ya fi na marasa suga da kusan kashi 85 cikin ɗari. Kinga kenan tambayar da ya kamata ki yi ita ce a shekara 9 ɗin nan me sugar ta taɓa a jikin Baba.

Ga yadda take kawo cikas. In suga ta yi sama lokacin aiki, ɗinki baya saurin kamewa, ciwo ya ɗauki ruwa, wani lokacin wurin da aka haɗe hanjin ma ya samu matsala. In kuma aka ga yana buƙatar kimo, wato magungunan kashe ƙwayoyin cutar kansa, akwai maganin da ake kira oxaliplatin da ke sa yatsu su riƙa zugi da mutuwar jiki, mutum ya taɓa kofin ruwan sanyi ya ji kamar lantarki ya ja shi, to mai suga da dama ƙafarsa tana masa wannan yam-yam ɗin sai abin ya taru masa biyu, dole likita ya rage magani ko ya tsayar. Ƙoda mai rauni ita ma tana sa a rage wasu magungunan. Sannan maganin hana amai da ake haɗawa da kimo, dexamethasone, shi kansa yana harba suga sama na kwana biyu uku, mutane suna tsorata su ɗauka wani sabon abu ne ya faru.

Abin da ke bani haushi a asibiti, da zarar an ambaci kansa sai gida kowa ya manta da sugar, a daina gwaji, a daina zuwa ganin likitanta, alhali wasu marasa lafiyar nan zuciya ce ke ɗauke su ba kansar ba. Wasu kuma sai su hana mutum abinci wai suga ce ke ciyar da kansar, ya rame kafin a shiga da shi aiki, wannan ma illa ce babba.

Ki nemi a yi masa gwajin HbA1c, shi ke nuna yadda sugarsa take a wata 3 da suka wuce, da gwajin ƙoda da na zuciya kafin ranar aiki. Ki kai wa likitan tiyata duk magungunansa a leda ya gani da idonsa, don ranar da za a hana shi cin abinci ko a wanke masa ciki dole a gyara insulin ko ƙwayoyin da yake sha kar sugar ta faɗi ƙasa, kuma maganin suga na metformin akan dakatar da shi na ɗan lokaci wajen aiki ko hoton da ake sa allurar rini. Kar ku tsayar da komai da kanku sai likitansa ya ce.